Ina Harafin V Ya Shiga?

Turawan Ingila suna kiran macen da ke sana'ar wankau laundress. In ka yanke wutsiyar ess, wadda alamar mace ce kawai, sai launder ta rage. To, da yawa daga kalmomin wanki da Turanci ya aro daga Latin da lav suke farawa, kamar lavatory, wadda asalinta wurin wanke jiki ne tun kafin ta koma makewayi. Daga ina launder ta samo laun?

Sawun farko yana cikin rubuce-rubucen ƙarni na 14. A wancan zamani lavender ake ce wa mai wanki. Mawaƙi Chaucer ya laƙaba wa hassada wannan suna, ya mai da ita 'yar wankin fada, a gurbin da Dante na Italiya ya kira ta karuwa. Ba mamaki, domin matan da ke bin rundunar yaƙi suna wanke wa sojoji tufafi sun daɗe suna shan wannan ƙazafi.

Harafin v kuwa ba sace shi aka yi ba. Marubutan lokacin ba sa bambanta u da v, sai su rubuta lauender. Baki kuma ba ya son wahala: ya tausasa sautin, ya haɗiye gaɓar tsakiya, lavender ta koma launder. Sai a ƙarni na 16 aka ɗaura mata ess. Masu binciken sunayen dangi ma nan suke kai sunan Lander, irin na Richard Lander da ya zo Sakkwato tare da Clapperton.

Daga nan hanyar komawa asalin lavender a miƙe take. Normawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, ya shigo da lavandiere. Ita kuma daga Latin lavanda, wato kayan da ke jiran wanki, jikar lavare, wankewa.

Saura wanda ake zargi na ƙarshe: furen nan mai ƙamshi, shi ma lavender. An daɗe ana cewa sunan ya bi shi ne saboda ana cusa shi cikin wankakkun zannuwa. Labarin da daɗi, amma ni bai gamsar da ni ba. A cikin tsofaffin sunayensa na Latin akwai livendula, da i, abin da ya sa wasu masana ke danganta shi da lividus, launin shuɗi-shuɗin da duka ke bari a fata. Haka kuwa furen yake.