Gaɓoɓin Jikinmu da Yadda Suke Motsi

A jikin babban mutum akwai ƙasusuwa 206. Da a ce duk a manne suke da juna, da mun zama kamar gungumen itace, ba tsuguno, ba sunkuyo, ba kai loma baki. Wurin da ƙashi ya sadu da ƙashi shi muke kira gaɓa.

In mahauci ya fasa gwiwar sa, ku matsa ku duba. Za ku ga kan ƙashin fari fat, da santsi. Wannan shi ne guringuntsi, shi ke hana ƙashi gugar ƙashi. Akwai kuma wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, aikinsa aikin mai ne a sarƙar keke. Sa'an nan ga jijiyoyi masu tauri sun ɗaure ƙasusuwan kada su goce. Namu ma haka suke.

Amma gaɓoɓi ba iri ɗaya ba ne. Ku miƙe hannu, ku lanƙwashe. Gwiwar hannu tana buɗewa tana rufewa kamar ƙyaure, ba ta zuwa gefe. Gaɓoɓin tsakiyar yatsu haka suke. Gwiwar ƙafa ma kusan haka, sai dai in an lanƙwashe ta takan ɗan juya kaɗan.

To, yanzu ku wulwula hannu daga kafaɗa. Kun ga ya tafi gaba, ya tafi baya, ya yi sama, ya kewayo. Dalili, kan ƙashin dantse dunƙulalle ne, yana zaune cikin ɗan gurbi kamar taɓarya a turmi. Irin wannan gaɓa ce a ƙugu, inda cinya ta kama. Gurbin ƙugu yana da zurfi, saboda shi ke ɗaukar nauyin jiki. Na kafaɗa ba zurfi, shi ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa sakewa, ita ce kuma ta fi saurin gocewa. 'Yan kokawa sun san wannan.

Da mutum zai girgiza kai ya ce a'a, ƙashin wuya na farko ne ke juyawa a kan wani ɗan tsini na ƙashi na biyu. A wuyan hannu kuwa ƙananan ƙasusuwa 8 ne jere, suna zamewa a jikin juna. Gindin babban yatsa yana zaune kamar mahayi bisa sirdi, don haka yake iya taɓa kan kowane yatsa. Ba don shi ba, da riƙe fartanya ko alƙalamin da muke koyon rubutu da shi ya gagare mu.

Akwai gaɓoɓin da ba su motsi sam, watau na ƙoƙon kai. Ga jariri ba su gama haɗewa ba, shi ne maɗiga, wadda takan rufe kafin yaro ya cika shekara 2. Mata, ku lura da nan. In yaro yana gudawa, kuka ga maɗigarsa ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Shafa magani a ka ba ya mayar da shi. A ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti maza.

Targaɗe shi ne jijiyar gaɓa ta miƙe fiye da kima, ko ta ɗan yage. A hutar da wurin, a sa tsumma mai ruwan sanyi, a ɗaga shi sama. Amma in gaɓa ta goce har siffarta ta sake, kada a bar kowa ya fizge ta da ƙarfi. In kuwa an yi ɗauri, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka daina ji, ɗaurin ya yi tsanani, jini ba ya wucewa. A sassauta nan da nan, a tafi wurin likita. Haka kuma gaɓar da ta kumbura ta yi zafi ba faɗuwa ba bugu, ga zazzaɓi, kada a kwana da ita a gida, domin ƙwayoyin cuta suna iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki.