Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa saƙon WhatsApp da ɗan kasuwa yake aikawa daga Dakoro a Nijar zuwa ga ɗan'uwansa a Makka ko Faransa, galibi ta ƙarƙashin teku yake bi? Fiye da kashi 95 cikin ɗari na bayanan intanet da ke ratsa nahiyoyi suna gudana ne ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku. A cikinsu akwai zaren gilashi siriri kamar gashi, wanda haske ke ɗaukar saƙo ta cikinsa.

Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka ta dogara da wayoyin da suka sauka a ƙasashe maƙwabta: SAT-3 da ACE a Kwatano, MainOne da WACS da Equiano a Legas. Daga can wasu wayoyin ke janyo intanet ta tudu zuwa cikin Nijar.

A ranar 14 ga Maris 2024, wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke kusa da Kwadebuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar.

Kamfanin TeleGeography na Amurka ya sa taswirar waɗannan wayoyi kyauta a intanet, da sunan kowace waya da tsawonta da masu ita. Malamai da ɗaliban Dakoro, ku buɗe ta ku ga hanyar da saƙonninku ke bi.