Man Yasmin: Abin da Ke Cikin Kwalba da Abin da Ba Ya Ciki

Ranar Lahadi, in kasuwar Illela ta cika, ba shanu da raƙuma kaɗai ke cin kasuwa ba. Matan gari da na Birnin Ƙonni kan yi dafifi a teburan masu turare, suna zaɓen humra, almiski da turaren wuta na kayan amare. A cikin kwalaben akwai masu ɗauke da sunan yasmin, farin furen da ƙamshinsa ke cikin Bint el Sudan, turaren da aka ƙirƙira a 1920, wanda ake haɗawa a Kano.

Man yasmin na asali yana da wuyar samu. A Masar da Indiya ake samar da mafi yawansa. A ƙauyen Shubra Balula na Masar, cikin dare ake tsinkar furen da hannu, domin da rana ta fito ƙarfin ƙamshin ke raguwa. Furen ba ya jure turiri, don haka sai an jiƙa shi cikin wani sinadari da ke tsotso man, sannan a tace. Kilo ɗaya kan ci miliyoyin furanni. Shi ya sa kwalbar da aka saya da araha kusan ko da yaushe haɗin sinadaran masana'anta ce. Wannan ba aibi ba ne ga mai son ƙamshi, amma haƙƙin mai saye ne ya san abin da ya biya.

Batun jinya da ƙamshi kuwa, wani Bafaranshe masanin sinadarai, René-Maurice Gattefossé, shi ya raɗa wa fannin suna, ya fitar da littafi a kai a 1937. Hikimar ita ce, saƙon da hanci ya ɗauka yana isa da sauri zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da shauƙi da tunawa. Dalilin ke nan da ƙamshin kasko kan tuna wa mutum ɗakin mahaifiyarsa, zuciyarsa ta yi sanyi. Ƙamshi na iya kawo natsuwa da walwala, amma ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro, ba ya warkar da hawan jini ko ciwon damuwa mai tsanani.

Sannan kome ya yi yawa ɓaci yake. Ba a shan man yasmin, ba a kuma shafa shi tsurarsa. Sai an sirka ɗigo kaɗan da man kwakwa ko man kaɗe, a gwada a hannu tukuna, don yana sa wasu ƙaiƙayi. Hayaƙin turaren wuta a rufaffen ɗaki na tayar da asma, yana kuma wahalar da jarirai.

'Yan kasuwa, ku faɗa wa masu saye gaskiyar hajarku. Iyaye mata, ku buɗe taga in kun turara ɗaki. Idan ciwo ya zo, a nufi asibiti, a bar turare a matsayinsa na ado da sunna.