Magariya da Dungas: wa ake ba kwangilar gina azuzuwa?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum sama da 570.000 a gundumar Magariya, sama da 350.000 kuma a Dungas, wadda aka cire daga jikin Magariya a 2011. Inda jama'a ta yi yawa haka, ƴan makaranta sun fi ƙarfin azuzuwa, sai a kafa masu rumfar zana. Tun gobarar Maraɗi ta watan Nuwamba 2021, inda yara sama da 20 suka rasu cikin irin waɗannan rumfuna, gina ajin siminti ya zama maganar rai. Saura a san wanda za a danƙa wa aikin.

Dokar 28 ga Oktoba 2011 ta aza harsashin ba da kwangilar gwamnati bisa takara. Hukumar da ke da aiki, ko komin Bande ce ko ta Malawa, sai ta yi shela a jarida. Ɗan kwangila ya sayi kundin sharuɗɗa, ya haɗa lambarsa ta NIF, shaidar biyan lanho, ta asusun CNSS da lamunin banki, ya rubuta farashinsa, ya liƙe ambulan. Ranar da aka tsaida, a buɗe ambulan gaban kowa, a karanta farashi da ƙarfi. Wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi arha, shi ke da aiki.

Ga takarda abin ya yi kyau. Amma wannan "ya fi arha" shi ne ramin da da yawa ke faɗawa. Ɗan kasuwar Magariya ya san cewa farashin siminti da ƙarfe da kwano yana bin iyakar Najeriya da darajar naira. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Wanda ya karya farashi don ya kada abokan takara, in kaya suka hau bayan ya sa hannu, hanya biyu ta rage masa: ya gudu da kuɗin somin aiki, ko ya rage siminti ya ƙara rairayi. Ƙari ga haka, baitulmali ba ya gaggawar biya, kuma ƙaramin ɗan kwangila ba shi da jarin jira. Shi ya sa, a ganinmu, kwamitin da ya ga farashi ya faɗi ƙasa ainun bai nemi bayani ba, bai yi wa talaka tattali ba.

Akwai kuma dabarun ofis, waɗanda ma'aikata suka fi mu sani: a datsa babban aiki gunduwa-gunduwa don ya kasa kai adadin da ke wajabta takara, ko a ce gaggawa ce a ba da shi hannu da hannu. Ba a manta da badaƙalar MEBA ta 2006 ba, kan kuɗin ilimin firamare, wadda ta kai ministoci 2 gidan kaso, ta kuma jawo faɗuwar gwamnatin Hama Amadu ranar 31 ga Mayu 2007.

Wanda aka zalunta yana da ƙofa: ya fara kai kuka ga hukumar da ta ba da aikin, sa'an nan ga kwamitin sasantawa na ARMP, wadda ta koma ARCOP a 2022. Wa'adin ƴan kwanaki ne kawai, kuma Yamai da nisa daga Dogo-Dogo. A watan Afrilu 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun komin, aka naɗa kantomomi, don haka idon kansiloli ya fita daga kan aikin.

Makamin da ya rage shi ne kuɗin jingina. Ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila bayan karɓar gini ta wucin gadi, ba a sakar masa sai shekara ta zagayo, wato sai damina ɗaya ta gwada rufin da bangon. Iyayen yara da daraktan makaranta na iya nuna wa injiniya kowace tsaga kafin ya sa hannu a takardar karɓa ta ƙarshe.