Baƙin Mai Mai Wanke Inji: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Ɗan'uwa manomi, in kana da injin ban-ruwa, ko injin niƙa, ko tarakta mai shan man gas, watau dizal, to wannan takarda taka ce. Sau da yawa manomi yakan yi juye yau, bayan kwana biyu ya zaro geji ya ga man ya yi baƙi ƙirin, sai ya ce an cuce shi. Daga nan ya koma sayen mai araha wanda ba ya saurin baƙi. Wannan kuskure ne babba, kuma shi ke kashe inji da yawa ana tsakiyar noman rani.

Me ke faruwa a cikin inji?

Duk lokacin da man gas ya ƙone, yakan bar kunkunniya, irin wadda kake gani a rufin madafa. Wata ta fita ta salansa, wata kuma ta zurara ta gefen fistin ta faɗa cikin baƙin mai. Ban da wannan, akwai farar wuta a cikin man gas. In ta ƙone ta haɗu da tururi, sai ta zama wani ruwa mai cin ƙarfe, dangin ruwan batir. In ba a yi maganin waɗannan biyu ba, ringi zai manne, hanyoyin mai su toshe da dagwalo, ƙarfe ya yi ta cinyewa.

Maganin da ke cikin mai

Saboda haka ne masu yin baƙin mai suke zuba masa magunguna tun daga masana'anta. Ɗaya aikinsa wanki ne. Ana haɗa shi da sinadarin kalsiyam ko magnesiyam. Yana hana datti ya daskare a jikin fistin da ringi, yana kuma kashe kaifin ruwan nan mai cin ƙarfe, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Ɗayan kuwa yana riƙe kunkunniya ta yi ta yawo a cikin mai, kada ta dunƙule ta kwanta, har ranar juye ta fita tare da shi.

Ka ga ke nan, in mai ya yi baƙi da wuri a injin gas, aikinsa yake yi. Ruwan wanki ma ai baƙi yake yi in riga ta fita. Man da ya daɗe garau, mai yiwuwa ya bar dattin ne manne a jikin inji.

Yadda za ka gane mai na kirki

1. Duba bayan galan, ka nemi haruffan API. Alama ce ta wata hukumar man fetur ta Amurka. In harafin C ya biyo baya, kamar CH-4 ko CI-4 ko CK-4, na injin gas ne. In harafin S ne kaɗai, na injin fetur ne, kada ka zuba.

2. Lambar SAE 40 ko 15W-40 kaurin mai kawai take nunawa. Ba ta gaya maka ko akwai magani a ciki ko babu.

3. Sayi galan mai hatimi wanda ba a taɓa buɗewa ba. Guji man kwalba na bakin hanya. Wani tsohon mai ne aka tace, maganinsa ya riga ya ƙare.

4. Kada ka kuskura ka zuba sabulu ko garin wanki a cikin mai. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba abu ɗaya ba ne.

Maganin yana ƙarewa

Kamar yadda kanwa ke ƙarewa in tsami ya yi yawa, haka maganin nan yake ƙarewa. Ƙara sabon mai a kan tsoho ba juye ba ne. Bi abin da littafin injinka ya ce. Ƙananan inji masu fistin ɗaya galibi bayan awa 100 ne. In kana ban-ruwa awa 8 kullum, kwana 12 zuwa 13 ke nan. Tarakta takan kai awa 250. Sabon inji kuwa a yi masa juyen farko da wuri. Riƙa yin zane a bango ko a takarda duk ranar da inji ya yi aiki, don kada lissafi ya ɓace maka.

Yi juye inji na da ɗumi, don dattin ya biyo mai. Canja filta, ko ka wanke rariyar mai in ita ce a injinka. In tsohon inji ne da ya daɗe yana shan mai marar magani, juyen farko bayan ka sa mai na kirki ka yi shi kafin lokaci, don sabon man zai ɓamɓaro tsohon datti.

Alamun da za su sa ka kira makanike

In mai ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. In ya tsinke yana warin gas, kuma yana ƙaruwa a geji, gas ne ke zurara ciki. In ka murza a yatsa ka ji yashi-yashi, duba filtar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa.

Tsohon mai kuwa ka tara shi a jarka. Kada ka zubar a gona ko kusa da rijiya, kada kuma ka shafa wa dabba a miki.

Ka tuna, kuɗin galan ɗaya bai kai kuɗin sauke inji ba. In kuwa inji ya tsaya lokacin da tumatir ke fure ko alkama ke fid da kai, asarar ta wuce ta inji. In kana neman ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.