Akwatin magana na tsakiya

Yara, da yawa cikinku sun taɓa shiga gidan kallo, ko nan Gesheme, ko a Tibiri, ko a Dogondutsi. Akan je kallon wasan ƙwallo ko fim ɗin Hausa na Kano. Mai gidan yakan aza telebijin bisa tebur, ya ajiye akwatin magana ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Wannan akwati shi ne ake ce ma lasifika.

Wanda ya samu tsakiyar benci yana jin magana kamar daga bakin ɗan wasa take fitowa. Amma wanda ya zauna can gefen hagu fa? Yana ganin baki yana motsi a telebijin, magana kuwa tana zo mashi daga kusurwa. Me ya kawo haka?

Sauti tafiya yake yi cikin iska, wajen mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Muryar akwatin da ya fi kusa da kai ita ke fara isowa kunnenka. Kunne kuwa wanda ya fara zuwa shi yake bi, sai ya ce maka magana daga can take.

Masu sinima sun daɗe da gane wannan. A shekarar 1940, a Amurka, kamfanin Walt Disney ya nuna fim mai suna Fantasia da lasifika uku a gaba: dama, hagu da tsakiya. A manyan gidajen sinima, bayan farin allon ake ɓoye su, kuma allon yana da ƙananan huji don sauti ya wuce. A lokacin babu telebijin a ƙasarmu. Telebijin na makaranta ya fara a Nijar a 1964, Tele-Sahel kuma a 1979. Daga baya aka fito da tsarin da ake kira 5.1, wanda ya shiga har gidajen mutane: akwati uku a gaba, biyu a gefe ko baya, da wani babba mai fidda rugugi. Cikinsu duka, na tsakiya ne ke ɗauke da yawancin maganar ƴan wasa. In ya yi rauni, sai ka ji kiɗa da ƙarar mota sarai, amma ba ka san abin da aka ce ba.

To, wane iri ya kamata a zaɓa? Mu leƙa cikin akwatin tukuna. Akwai wasu abubuwa masu kama da faifai, suna kaɗawa kamar fatar ganga. Babban faifai yana fidda murya mai kauri. Ƙaramin yana fidda siririya, irin ta s da sh da ts. In babu shi, da wuya ka bambanta "sara" da "shara".

Yawancin akwatunan tsakiya a kwance ake ƙera su, don su shiga ƙarƙashin telebijin: babban faifai a dama, wani a hagu, ƙarami a tsakani. Suna da kyan gani, amma suna da aibu. Kun san yadda tabki yake yi da damina in an jefa tsakuwa biyu tare. Kowace tana tada igiyar ruwa, igiyoyin su haɗu. A wani wuri ruwan ya yi tudu, a wani wuri kuma ya kwanta lif, domin tudun wannan ya faɗa cikin kwarin waccan. Haka sauti yake.

Ku ɗauko allo mu yi lissafi. Wani sashe na muryar mutum yana kaɗawa sau 1700 a daƙiƙa. Mu raba mita 340 gida 1700: tsawon igiya ɗaya santimita 20 ke nan. In kana zaune a gefe, har faifai ɗaya ya fi ɗan'uwansa kusa da kai da santimita 10, wato rabin igiya, sautin biyun sai su kashe juna. Na tsakiyar benci bai san ana yi ba. Kai kuwa magana ta dushe maka, kamar an rufa ma mai maganar zane a baki.

Saboda haka, inda mutane ke da yawa a jere, a ganina gara akwatin da aka aza ƙaramin faifai bisa wanda ya fi shi girma, sama da ƙasa. Irin wannan yana watsa murya daidai, dama da hagu. Akwai kuma wanda aka sa ƙaramin cikin cibiyar babban. Shi ma yana da kyau, sai dai yakan yi tsada. In da hali, akwatin tsakiya ya zama ɗan gida ɗaya da na dama da na hagu, don kada muryar mutum ta sake in ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. A ajiye shi dab da telebijin, a bakin tebur, yana fuskantar kunnuwan masu zama. Kada a tura shi cikin kabad.

Kafin a biya kuɗi, a kunna labarai, ba kiɗa ba. Mai saye ya zauna a tsakiya ya saurara, sa'an nan ya tashi ya koma ƙarshen benci ya sake saurare.