Gasar Kayan Wasa Tsakanin Yara: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Gasar kayan wasa takan fara ne lokacin da yaro ya soma auna kansa da sa'o'insa, galibi tsakanin shekara 5 da 7, sa'ad da ya shiga lakwal ko makarantar allo. A wannan lokaci babu abin da yaro ke tsoro kamar a ware shi. Idan ya shigo gida yana birgima sai an saya masa mota mai batir irin ta wane, sau da yawa an hana shi shiga wasa ne, ko an yi masa gorin cewa babansa ba shi da kuɗi.

A yankin Birnin Konni, Malbaza da Illela na jihar Tawa abin yana da ƙarfi saboda dalilai uku. Konni garin bakin iyaka ne, daf da Illelar Sakkwato, inda kayan roba ƴan ƙasar Sin ke cika tebura, ana sayarwa da sefa ko da naira. Jihar Tawa kuma ta shahara da ci-rani: masu dawowa daga Abijan, Libiya ko Aljeriya kan iso da tsarabar keke ko wayar hannu, yaran maƙwabta na kallo. Sannan samu ba ɗaya ba ne: ɗan ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza, ɗan dillalin albasar Galmi da ɗan manomin gero duk aji ɗaya suke zama. Rufe iyakar da aka yi daga 2019 zuwa 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya sa kaya sun yi tsada, amma idon yara bai daina gani ba. Gasar ta fi zafi a ranakun Sallah, lokacin da kuɗin barka da Sallah ke hannun yara.

Alamun da ake lura da su ga yaron da gasar ta dama sun haɗa da ƙin zuwa makaranta, ɓoye tsohon abin wasa idan baƙi sun zo, ƙaryar cewa ana da abin da babu, da ɓatan canji a ɗakin uwa ko giɓi a kuɗin talla. Yaron da ya dawo da abin wasan da ba a san mafarinsa ba, wajibi ne a bincika, domin masu lalata yara da kyauta suke jan su.

Matakin farko shi ne saurare. Kafin tsawa, a tambayi yaro wa ya ce masa me. Daga nan a faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa: kuɗin gidan nan na hatsi ne da magani da littafi. Alƙawarin "gobe in Allah ya yarda" wanda babu niyyar cikawa yana koya wa yaro cewa maganar manya ba abin riƙo ba ce. Haka ma cin bashi don kece raini. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne ga yaro da babba.

Yana da amfani a ba yaro amsar da zai mayar wa masu gori, gajera wadda zai iya riƙewa, kamar "ni na ƙera tawa da hannuna". Hakan na tasiri idan da gaske ya iya. Motar kara, wadda ake yi da ɓargon karan dawa, a feƙe bayansa a soka ƙafafu, da motar gwangwanin madara mai tayar tsohon silifa, da ƴar tsana, suna tara yara wurin mai ƙira. Langa, carafke da dara kuwa ba sa buƙatar ko dala. Idan abin da yaro ke so mai yiwuwa ne, asusun ƙasa ya fi saye nan take: ya riƙa jefa ƴan kuɗinsa har su kai, ya san darajar abin.

A gidan da ake da mata fiye da ɗaya, gasar kan fara ne daga tsakar gida. Uban da ya fifita ɗan ɗaki ɗaya da tsaraba ya shuka gaba tsakanin ƴan uba. Gara ƙwallo ɗaya ta kowa da kowa.

Akwai kuma batun lafiya. Bindigar roba mai harsashi tana iya fasa ido, ƙananan batura masu kama da maɓalli suna ƙona maƙogwaro idan an haɗiye su, ƙananan ɓangarori kuma suna shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Wanda ya haɗiyi batir, a garzaya da shi asibiti ba tare da jira ba.

Idan gorin ya yi yawa a makaranta, iyaye su sanar da malami ko ƙungiyar iyayen yara, a nemi hana zuwa aji da kayan wasa masu tsada.